An ce motata tana da kiranye tun daga Amurka, ni kuwa ina Tahoua: ina zan kai ta?

Ɗan Adar, Tahoua

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masu sanin mota, amma ku yi haƙuri in faro ta daga tushe, don in na yanke ba za ku gane abin da ya hana ni barci ba.

Ni malamin makaranta ne a nan Tahoua. A 2021 na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin bijimai biyu da na sayar a kasuwar Lahadi, na sayi ƴar mota. Irin ƙananan nan ce masu sunan Japan da suka cika gari, ƙirar 2005. Daga Amurka ta taso, ta sauka Kotonu, ta shigo ta Gaya tun iyaka tana buɗe. Ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri. Mai kaɗan take sha, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba, kuma duk bakaniken da ke garin nan ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Makon jiya amalanken jaki ya karya mini madubin gefe a bakin tasha. Na gaya wa ƙanena da ke zaune Amurka ya nemo mini na asali ya ba wani mai zuwa gida. Ya ce in tura masa hoton kartigiris, wato takardar rajistar motar, ya ɗauki lambar shasi, kada ya sayo wanda bai shiga ba. Na tura, na manta. Wajen ƙarfe 11 na dare sai ga kiransa, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, wa yake zama gaba a motar nan?"

Wai da ya sa lambar a shafin hukumar hanyoyi ta can, sai ya ga kamfanin ya yi wa motar kiranye shekaru da suka wuce, abin da masu Faransanci ke ce wa rapel, kuma har yau ba a kai ta an gyara ba. Matsalar tana cikin jakar iskar da ke gaban kujerar mai zaman banza, erbag ɗin nan. Ya ce in an yi karo, maimakon ta tare mutum, tana iya watso masa guntayen ƙarfe a fuska da wuya. Ya ce kada kowa ya sake zama a wurin.

To ai kujerar Inna ce. Gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, bayan motar kuma ƙunci ne da shi, duk wata biyu ina kai ta asibitin Galmi, a gaba take zama da carbinta. Shekara huɗu ke nan.

Da safe na je wurin bakanikena, ya yi dariya har ya ajiye sifana. Ya ce, "Malam, motar da ta yi shekara 20, ta haye teku, ta canza hannu ba adadi, wa zai kira ta? Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Ya ce in na damu in ba shi jika biyar ya cire jakar ya jefar, ko ya nemo mini wata a wurin masu kwance motoci.

Na rasa wanda zan bi. Abin nan gaskiya ne, ko tsoron Turawa ne da ba ya ƙarewa? In gaskiya ne, akwai inda za a gyara mini a ƙasar nan, kuma kyauta ne kamar yadda ƙanena ya ce ana yi a can? Ko in bari a cire ta in huta?

Tsohon Bakanike, Yamai

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Shekarata 34 a cikin baƙin mai, kuma ban yi maka dariya ba. Amma kafin ka damu da jakar da za ta fashe, fara duba ko akwai jakar ma a wurin. Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke zuwa mana, motocin haɗari ne da kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu. Jakar ta riga ta tashi tun can. A hanya sai a gyara gaban, a fesa fenti, a liƙe murfin da gam. Na sha buɗe tabulo, wato allon da ke gaban direba da fasinja, in tarar da rami, wata rana ma tsumma na tarar an cusa don kada murfin ya lotsa.

Ga yadda za ka gane ba tare da ka kwance komai ba. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji. A cikin fitilun tabulo akwai ta mutum zaune da ƙwallo a gabansa, wasu motocin an rubuta SRS. Ya kamata ta kama na ƴan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala a layin. In kuwa ba ta kama ba sam, wani ya cire ƙwan don kada mai saye ya gani. Akwai kuma masu dabara da ke sa ɗan rezistans a bakin wayar, kwamfutar motar ta ɗauka jaka tana nan, fitila ta kama ta mutu lafiya lau. Wannan sai an sauke akwatin da ke gaban kujerar an haska tocila an ga gwangwanin da ido.

Maganar a sayo maka wata daga wurin masu kwance motoci, kada ka yarda ko kyauta ce. Daga cikin wace mota za su ciro ta? Daga irin taka, mai shekarunta, wadda ta fito daga masana'anta ɗaya, kuma ta ƙara shan rana a kan tulin ƙarafa. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Cirewa kuma ba aikin jika biyar ba ne. Abin nan ɗan ƙaramin bam ne. Wayoyinsa rawaya ne a kusan kowace mota, an yi su haka ne don mai gyara ya san ya iso wurin da ba a wasa. Ana cire kan batir, a jira mintoci wutar da ta taru ta sauka, ba a gwada shi da fitilar gwaji, in an sauke shi kuma ba a kifa shi a kan fuskarsa. Yaran gareji nawa suka san wannan? Ni ban yarda yarona ya taɓa ba sai ina tsaye. Kuma in hannun da bai iya ba ya cire ta, fitilar za ta kama, ba za ka ƙara sanin halin da taka ta sitiyari take ciki ba.

Sai wata magana da ba ka tambaya ba, ka gafarce ni, tsufa ne. A hanyar Tsernawa zuwa Galmi, abin da na ga yana kashe mutane shi ne taya, da birki, da raƙumi cikin dare. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lamba huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Je ka karanta naka ka dawo ka faɗa mana. Mutum sai ya sayi taya mai zane kamar sabuwa, alhali robar ta shekara goma, ya hau kwalta da ita a watan Afrilu da rana tsaka.

Ƴar Dogondutsi, Liyon

Malam, sannu da ƙoƙari. Baba, na gaishe ka, kuma duk abin da ka faɗa haka yake. Ni ba bakanikiya ba ce, aikin jinya nake yi a nan Faransa, amma shekara biyun nan maganar jakar iska ba ta bar bakin ƴan jarida ba, dole mutum ya koya.

Ban ga abin da ƙanenka ya gani ba, amma babban kiranyen jakar iska na motocin wancan zamani shi ne na Takata. Kamfanin Japan ne da ba ya ƙera mota, kayan mota irin su jakar iska da bel yake yi ya sayar wa masu ƙerawa, shi ya sa abin ya shafi kamfanonin mota 19 a Amurka, daga Honda da Toyota da Nissan har Ford da BMW. Jakar da aka yi wa kiranye a Amurka kaɗai ta kai wajen miliyan 67, a duniya kuma wajen miliyan 100. Ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin mota.

Abin da ke faruwa shi ne, a bayan jakar akwai gwangwanin ƙarfe da ƙwayoyin sinadari a ciki. In an yi karo, wuta ta taɓa su, su ƙone, iskar da ta fito ta cika jakar kafin ƙiftawar ido. Takata ya yi amfani da amoniyom nitirat, wanda manoman albasa suka sani a cikin takin zamani, kuma shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut a watan Agustan 2020. Yana da arha, amma ba ya jure laima da sauyin zafi da sanyi. Shekara da shekaru ƙwayoyin suna rubewa, ranar da aka kunna su sai su ci wuta gaba ɗaya da ƙarfin da gwangwanin ba zai ɗauka ba, ya tsage, guntayensa su biyo jakar. Ba haka kawai take fashewa mota tana ajiye ba, sai an yi karo, amma ba sai babba ba. A 2009 wata ɗaliba ƴar shekara 18 ta rasu a jihar Oklahoma a filin ajiye motoci na makaranta, karon da ba don jakar ba da sai dai a kai motar wurin mai fenti. Zuwa ƙarshen 2024 hukumar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 a Amurka, waɗanda suka ji rauni sun kai 400.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jan ƙafar. Honda ta yi kiranyen farko a ƙarshen 2008, motoci wajen 4,000 kacal. Sai a 2017 Takata ya amsa laifin ɓoye sakamakon gwaje-gwajensa, aka ɗora masa biyan dalar Amurka biliyan 1, a watan Yunin shekarar kuma ya karye. A nan Faransa, mafi yawan waɗanda suka rasu a tsibiran nan masu zafi suke, irin su Gwadalup, kuma an daɗe ana mutuwa a can kafin Faris ta motsa. A 2024 aka ce masu Citroën C3 da DS3 na kudancin ƙasar su daina tuƙa su. Na arewa da farko aka ce ba gaggawa, wai can da sanyi. Sai da wata mata ta rasu a Reims a watan Yunin 2025 sannan aka tsayar da su duka.

Wani zai ce Tahoua ai busasshiya ce, laima ce matsalar. To ka san inda motarka ta yi shekara 15 ɗinta na farko? Ƙila Fulorida ce ko Tekzas. Ta kuma yi zaman tashar Kotonu. Ita NHTSA ta kasa Amurka gida uku: inda ake zafi da laima sinadarin yana iya lalacewa cikin shekara 6 zuwa 9, inda ake sanyi sosai 15 zuwa 20. Ko a ina ta zauna, motar 2005 ta cinye wa'adinta.

Maganar kyauta kuwa, gaskiya ƙanenka ya faɗa, amma dokar da ta tilasta haka ta Amurka ce, kuma a bakin tekunsu ta tsaya. Takardar kiranye ba motar take bi ba, adireshin wanda aka yi wa rajista take bi. Taka tana can wataƙila an jefa ta a akwatin wasiƙun wani da ya manta ya taɓa mallakar motar. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Ba wadda takardarta ta biyo ta.

Shawarata, nemi wakilin kamfanin motarka a Yamai, ka ba su lambar shasi a rubuce, haruffa da lambobi 17 ne, babu I babu O babu Q a ciki, in ka ga mai kama da O to sifiri ne. Ka haɗa musu hoton shafin da ƙanenka ya gani. Ka tambaye su ƙarara ko za su sa maka sabuwa a kan asusun kamfani, in ba haka ba nawa ne. Shi ma ƙanenka ya kira kamfanin a can ya tambaya. Kafin nan, Inna ta koma baya. A 2014, da kayan gyara suka yi ƙaranci a Amurka, Toyota da kanta ta sa garejinta su kashe jakar gefen fasinja na wucin gadi su liƙa takarda cewa kada a zauna a kujerar. Masu ƙera motar ma abin da suka yi ke nan.

Mai Kabu-kabu, Tahoua

Malam, ku masu mota kun ji daɗi, har akwai inda za ku sa lamba a ba ku amsa. Mu hwa?

Bara mu biyar munka sayi moto sabbi wurin mutum guda. Cikin kwali sunka zo, gabanmu yara sunka haɗa su, tsakanin azahar da la'asar an gama duka biyar. Kwana ukku da saye ina kan hanyar Badagishiri da wata tsohuwa da buhunta, na taɓa birkin gaba na ji hannu ya tahi banza. Notin ya kwance ya hwaɗi ban san wuri ba. Allah ya sa ba gudu nike ba. Wannan na san ba laihin masana'anta ba ne, wanda ya ɗaure ne bai ɗaure ba.

Amma ga na biyu. Cikin wata guda, mu ukku cikin biyar tankinmu ya kama yoyo, kuma wuri guda, nan ƙasa inda anka yi walda, kai tsaye bisa injin mai zahi. Mutum ukku, wuri guda, wanga ba hannun yaro ba ne. Da munka koma, mai shago ya ce kayan da ya hita ba ya dawowa. Rasit ɗin da ya ba mu ko lambar wayata babu. Ko da kamfanin ya gane ya yi kuskure, ta ina za shi same ni?

Abin da munka yi, mun sa murya a gurup ɗinmu na WhatsApp, munka ce duk wanda ya sayi irin wagga a watan nan ya duƙa ya shinshina ƙasan tankinshi. Mutum biyu sunka ƙara samu. Mai walda ya gyara muna, kowa da kuɗinshi. Yanzu duk ɗan uwan da za shi sayi sabuwa muna ce mishi kada ya ɗauki fasinja sai ya kai ta wurin bakanike an bi notinan ɗaya bayan ɗaya: na ƙahwar gaba, na birki, na kai, da sarƙa.

Ƴar Dogondutsi, Liyon

Ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Ana yi wa moto kiranye ma. A 2021 Royal Enfield ta Indiya ta kira moto fiye da 230,000 saboda koyil ɗin wuta da ke iya haɗa waya, kuma tun watan Afrilun shekarar gwamnatin Indiya take da ikon tilasta wa kamfani kiranye. Sai dai a can kowace moto da sunan mai ita a rajista. Ku riƙa rubuta lambar shasin duk wadda ta yi yoyo a gurup ɗinku. In kun ga lambobin suna bin juna, kuna da abin nuna wa mai shigo da su, ba mai shago ba.

Ɗan Adar, Tahoua

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yi tun shekaranjiya.

Baba, fitilar tana kamawa ta mutu. Mun sauke akwatin, na haska da wayata, gwangwanin yana nan da wayarsa rawaya, ƙura ta rufe shi, ba alamar an taɓa sa masa sifana. Ban san ko in yi murna ba. Bakanikena dai ya daina dariya, ya ce in tura masa abin da kuka rubuta, akwai irin motar guda bakwai da yake dubawa.

Tayoyi kuma, ka kama ni. Na baya biyun 2316 aka rubuta, wato sun girmi ƴata ta aji uku. Kuɗin madubin can za su tafi, madubi na ɗaure shi da roba.

Hajiya, na ƙirga lambar, 17 ce cif. Ƙanena ya ce tunda ta fara da 2, a Kanada aka haɗa ta, ta goma kuma 5 ce, shekarar ke nan. Shekara huɗu ina yi wa mutane alfahari da ƴar Japan. Na samu wakilin a Yamai ta waya, wani saurayi mai ladabi ya ce in tura hoton kartigiris da na shafin, za su duba ko irin ta Amurka tana cikin waɗanda za su iya yin odar kayanta, su kira ni. Na tura. In ta samu, sai hutun Disamba in kamo hanya, kilomita 500 da wani abu ba tafiyar ƙarshen mako ba ce ga mai aji ranar Litinin.

Wuyar aikin a gida take. Inna ta ce ita da ta haife ni ba za ta zauna baya kamar kaya ba. Sai da ƙanena ya kira ta da kansa. Na tura kujerar gaban har ƙarshe don ta samu wurin miƙe ƙafa, na sa mata matashi, jiya mun gwada zuwa gidan ƙanwarta, ta ce ba laifi amma ba ta ganin hanya. Sauran mutanen gari kuwa, kun san ba a ce wa babba ya koma baya. Limamin unguwarmu ya tsayar da ni da safe, hannunsa har ya kai ƙofar gaba. Don haka na ɗora kwalin littattafan ƴan aji shida a kan kujerar na ɗaure shi da bel, duk wanda ya leƙo sai in ce kayan makaranta ne, ba inda zan sa su.

Baba, in Allah ya kawo ni Yamai zan so ka duba mini ta sitiyarin ma. Garejinka yana buɗewa ranar Asabar?